Kafin a Kwance Kafireta

Duk wanda ke bin kasuwannin ƙauye a ƙasar Hausa ya san sautin tsohuwar akori-kura da injinta ya fara ciwo. Da asuba sai an sha fama kafin ta tashi, in ta tashi ta riƙa karkarwa a silo har madubi na rawa, direba ya ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, ya taka ta yi tari ta salansa, a hawa kuma ta riƙa fizga ga buhunan masara jibge a bayanta. In an kai ta gareji, sau da yawa kafin a gama ɗaga bonet an riga an yanke hukunci: "Oga, kafireta ce, sai an wanke ta." Sai yaro ya kwance ta, ya zuba fetur a gwangwani, ya wanke, ya busa jet da baki, ya mayar, oga ya zo da sukundireba ya murza sukuru har ƙarar injin ta ɗan daidaita. Bayan kwana uku motar ta dawo da ciwonta, shan manta kuma ya ƙaru. Ra'ayina a kan wannan al'ada shi ne an juya tsarin aikin baibai. A injin mai kafireta, kafireta ce ya kamata ta zama abu na ƙarshe da hannu zai taɓa, bayan an tabbatar da matsin silinda, da wuta, da iska, da isowar mai. Wanda ya fara da ita ya bar jaki yana dukan taiki, kuma mai motar ne ke biyan kuɗin dukan.

Maganar ta shafi mutane da yawa, domin waɗannan motoci ba su ƙare ba. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa, kuma akori-kurarta na nan tana jigilar hatsi zuwa Dawanau da kayan gwari zuwa 'Yankaba. Ga tsofaffin Hilux masu injin 22R, ga Hiace da Dyna masu injin 3Y da 4Y, ga ƙananan Suzuki da Daihatsu da ke ratsa lunguna, daga Kano da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram. Babu kwamfuta a cikinsu, babu inda za a jona na'ura ta faɗi abin da ya lalace. Injin da kansa ne zai ba da shaida, kuma shaidar tana da amfani ne kawai ga wanda ya san tambayar da zai fara yi.

Dalilin farko na wannan ra'ayi yana cikin yadda kafireta ke aiki. Ita ba ta tura mai, ba ta kuma san abin da ke faruwa a cikin silinda ba. Fistin ne ke sauka ya zuƙo iska, iskar ta ratsa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro inda gudunta ke ƙaruwa matsinta ya ragu, wannan raguwar matsi ce ke janyo fetur daga kofi ta ƙananan ramukan jet. Haɗin da ke ƙonewa tsaf shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Ke nan duk abin da kafireta za ta bayar ya dogara ne da ƙarfin zuƙon da injin ya aiko mata. In bawul ba ya rufewa sosai, zuƙon zai yi rauni. In gasket ya tsage a ƙarƙashinta, iskar da ba ta bi ta maƙogwaro ba za ta shiga ta tsinka haɗin. In wuta ta makara, zuƙon zai faɗi. A duka ukun alamar za ta bayyana a bakin kafireta, kuma murza sukurunta zai ɗan ɓoye ta, shi ya sa bakanike ke ganin ya gano bakin zaren. Abin da ya yi kawai shi ne ya ƙara mai domin ya rufe wani aibi da ke can wani wuri yana ci gaba da girma.

Dalili na biyu ya fi wannan sauƙin ganewa. A tambayi kai, a cikin injin nan mene ne ke gocewa da kansa saboda tafiya kawai? Sukurun kafireta yana da sifirin da ke riƙe shi, ba ya juya kansa. Jet ƙarfe ne da ba ya motsi. Amma kwantak yana buɗewa yana rufewa sau dubbai a kowane minti, kuma 'yar dunduniyar da ke gogar sandar distiribita tana cinyewa a hankali. Tana cinyewa tazarar bakin kwantak na raguwa daga kimanin milimita 0.4 da ake saitawa, tazarar na raguwa lokacin tartsatsi na ja da baya. Daga nan sarƙar ta fara. Wuta ta makara, injin ya yi sanyin jiki a silo, sai a ƙara buɗe totur da sukurun silo don kada ya mutu. Buɗewar ta wuce inda maƙera suka tsara, ta tona ƙananan ramukan da aka tanada don lokacin da direba ya fara takawa, sai mai ya riƙa zuba ta hanyar da bai kamata ya bi ba a silo. A wannan hali ko an murza sukurun haɗi har ƙarshe injin ba zai amsa ba, sai a ce kafireta ta mutu, a tura mai mota Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata. Sabuwar ma haka za ta yi, domin abin da ya lalace tun farko kwantak ne da kuɗinsa bai kai na rabin tankin mai ba. Haka kwandansa mai rauni ke ƙona bakin kwantak, haka murfin distiribita ke tsagewa siririyar tsaga da ke shan raɓa da damina, haka wayoyin fulogi ke bushewa su riƙa zubar da wuta a jikin injin. Wannan na ƙarshe ba ya buƙatar kayan aiki ma: a tada motar da dare a wuri mai duhu, a ɗaga bonet, za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga wayar da ta lalace.

Fulogi ne shaidan da ya fi kowa gaskiya, kuma kwance shi bai kai minti goma ba. A ciro huɗun a jera su a kan tsumma bisa tsarin silinda, kada a cakuɗa. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, a bushe, silindarsa lafiya take. Wanda ya yi baƙi ƙirin da busasshen toka mai laushi da ke goguwa a yatsa, ko mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Wanda ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, ringi ko hannun bawul ne ya gaji. A nan akwai hujjar da nake ganin ita kaɗai ta isa ta rage rabin wankin kafireta da ake yi. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu. In ita ce ta ɓaci, huɗun za su nuna alama iri ɗaya ko kusa da haka. In uku suna da kyau ɗaya ya bambanta, laifin yana cikin wannan silinda ko a wayarta ko a reshen manifol da ke zuwa gare ta, kuma babu murzar sukurun da za ta gyara shi. Haka nan a tabbatar wayoyin suna kan tsarin 1-3-4-2, domin musanya biyu bayan an wanke injin kan sa mota ta yi ta harbi har a ɗauka wani babban abu ne ya karye.

Kafin wutar ma akwai abin da ya riga ta, wato lafiyar injin kansa. Ma'aunin matsi ana ɗaura shi a ramin fulogi, a buɗe totur gaba ɗaya, a juya injin. Abin lura shi ne daidaiton silindu, kada bambancinsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokalin baƙin mai a sake gwadawa: in lambar ta tashi ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, a zargi gasket ɗin da ke tsakaninsu. Sau da yawa ma bawul ɗin bai ƙone ba tukuna, tazararsa ce ta ƙare don an yi shekaru ba a saita ba. Injin 22R yana son milimita 0.20 a bawul ɗin shiga da 0.30 a na fita, da zafinsa, injin 504 kuma 0.10 da 0.25, da sanyinsa. Bawul ɗin fita da ya rasa tazara ba ya zama a mazauninsa ya huce, kuma in aka rufe alamarsa da ƙarin mai, ƙarshenta sai an sauke kan injin. Akwai kuma al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo hannu, wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, fetur ba ya tururi sosai a manifol, sai a buɗe masa mai don ya zauna a silo, in rana ta take kuma ya koma hayaƙi.

Iskar sata ta fi komai kama da ciwon kafireta. Tiyon da ke zuwa bustar birki, ɗan tiyon da ke ja wa distiribita wuta gaba, gasket ɗin gindin kafireta, duk roba ce ko takarda da zafi ke cinyewa. Alamar ita ce silo mai hawa da sauka, da injin da ke daidaita in an ɗan ja cok. A matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya, inda ƙarar injin ta sauya nan ne ɓarakar.

Masu ja da wannan magana suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai dace a raina ta ba. Za su ce littattafan gyaran mota da suka tsara wannan jerin gwaje-gwaje an rubuta su ne don ƙasashen da fetur ɗinsu ke da tsabta. A nan direban ƙauye yana sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, wani da ruwa a gindinsa, wani an surka shi da kananzir. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana cika iyakilina cikin makonni. Ko man gidan mai bai tsira ba, don a Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, sinadarin da ke cin roba da fatar famfon mai. A irin wannan ƙasa, in ji su, kafireta na toshewa da gaske. Haka ne, tana toshewa. Amma dattin ba a cikinta aka haife shi ba. Daga tanki mai tsatsa ya taso, ya wuce ta filtar da ta yage ko aka cire aka haɗa tiyo kai tsaye, ko ya shigo ta iyakilinar da aka huda da ƙusa don mota ta "sha iska". Wanke kafireta ba tare da duba waɗannan ba yana nufin a dawo mako mai zuwa a sake wankewa. Kuma kowane wanki yana da nasa hasara, domin ana yawan zura wayar birki ko allura a ramin jet. Jet tagulla ce mai laushi, kuma a kafiretar Solex lambar da ke jikinta faɗin ramin ne: 120 na nufin milimita 1.20. In waya ta faɗaɗa shi zuwa 1.30, ido ba zai ga bambanci ba, amma girman ramin ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100.

Da can ana iya kau da kai daga irin wannan ɓarna. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. Bayan cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A ƙaddara akori-kura tana shan lita 40 a ranar kasuwa. In rufe aibi da ƙarin mai ya sa ta ƙara kashi 10 kacal, lita 4 ke nan ke fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi, kowace rana, kuma wannan kuɗin yana komawa kan kuɗin dakon buhu, daga nan ya isa kwanon awo. Man da bai ƙone ba kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara cikin sam ya tsinka shi, ringi ya ƙara saurin cinyewa.

Wani nau'in ciwon ba ya bayyana sai mota ta ɗauki kaya ta fuskanci tudu, irin Hawan Kibo a hanyar Jos. A gareji lafiya lau, a hawa sai fizga. Abubuwa biyu ne suka fi jawo haka, kuma babu kafireta a cikinsu. Ko dai mai ba ya isowa da yawan da ake buƙata, saboda filta ta cushe, ko famfo ya gaji, ko ramin numfashin murfin tanki ya toshe, ko kuma kwayil ya yi rauni, domin tartsatsi ya fi wahalar tsallaka bakin fulogi lokacin da silinda ta cika maƙil. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40 a Maiduguri ko Sakkwato, fetur kan tafasa a cikin bututun da ya bi kusa da salansa, famfo ya riƙa tura tururi, motar ta mutu, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Direbobi sun san dabarar ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, kuma in dabarar ta yi aiki ta riga ta faɗi inda matsalar take. Galan da ake ratayawa a ba kafireta mai kai tsaye gwaji ne mai kyau na minti biyar, amma barinsa a gaban mota kusa da fasinja ana tafiya da shi kasada ce da rayukan mutane.

Hujja ta biyu ta masu ja da wannan magana ita ce ta kayan aiki da ta kunne. Za a ce bakaniken bakin titi ba shi da fitilar taimin ko ma'aunin matsi, kuma tsohon oga da ya shekara talatin a kan 504 yana jin ciwon injin daga ƙararsa. Ina girmama wannan kunne, kuma waɗannan mutane ne suka riƙe motocin nan a hanya shekaru bayan kamfanonin da suka ƙera su sun manta da su. Sai dai kunne yana gane cewa silinda ɗaya ba ta aiki, ba ya rarrabe ko fulogi ne, ko waya, ko bawul, tunda ƙarar ukun ɗaya ce. Kuma ba a gadon kunnen. Yaron da ya koyi aiki shekara uku ya buɗe nasa gareji yana fita da motsin hannun ogansa, ba tare da kunnen ba, shi ya sa yake murza sukuru don ya ga ana murzawa. Lamba kuwa ana iya koyar da ita a rana ɗaya. Batun tsada ma bai kai yadda ake faɗa ba. Filageji, abin auna tazara, ɗan ƙarfe ne mai araha. Ƙwan fitila mai bolt 12 da wayoyi biyu ya isa a saita taimin injin na tsaye. Ma'aunin zuƙo ɗaya, wanda a lafiyayyen injin ke tsayawa cak tsakanin inci 17 zuwa 21 a silo, zai nuna makararriyar wuta in allurarsa ta tsaya ƙasa, ya nuna bawul mai yoyo in tana faɗuwa a kai a kai. A wuri mai tudu kamar Jos, da ke sama da mita 1,200, lambar kan ragu da 'yan inci ko injin lafiya yake. Gareji biyar da ke layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su mallaki waɗannan, kuma rassan ƙungiyar makanikai ta NATA da kwalejojin fasaha za su iya koyar da amfani da su ba tare da jiran wani babban shiri ba.

Masu motoci ma suna da nasu kason na laifi, wataƙila mafi girma. Mutum zai biya kuɗin wankin kafireta da daɗin rai don ya ga an baje ƙarafa a tire, amma in bakanike ya yi awa ɗaya yana aune-aune ya ce tiyon naira kaɗan ne ya tsage, sai a ce ai bai yi aikin komai ba, a miƙa masa kuɗin shayi. Wanda aka saba yi wa haka zai koyi baje ƙarafa. Direban da ke cewa "Malam, yi sauri, kasuwa na ci" shi ma ya sani cewa duba fulogi da kwantak da tiyoyi ya fi kwance kafireta sauri. Sai an amince cewa gano ciwo aiki ne mai farashinsa, daban da kuɗin gyara, kafin al'adar ta sauya. Haka kuma mai mota ya daina zaɓar kwandansa da kwantak mafi araha a kasuwa, don jabu kan mutu cikin makonni ya dawo da ciwon da aka riga aka gano daidai, har a fara zargin ganowar.

In duk waɗannan sun wuce gwaji, to layi ya zo kan kafireta, kuma tana da cututtukanta na gaskiya. Fulot kan huje ya nutse, allurarsa ta ƙi rufewa, mai ya malala. Fatar famfon da ke fesa mai in an taka totur kan bushe, motar ta riƙa shaƙewa a farkon taki. Cok kan maƙale a rufe. Sandar totur kan cinye mazauninta ta riƙa shan iska. A wanke jet da man wanki da iskar famfo, a auna tsayin fulot, a sa sabon gasket. Saitin kuma sai injin ya yi zafi, iyakilina na kansa: a mayar da sukurun haɗi a hankali har ya taɓa ba tare da an ɗaure ba, a warware shi zagaye biyu, a nemi inda injin ya fi sauri da santsi, sannan a sauke silo zuwa wajen juyi 800 a minti.

Saura masu cewa wahalar banza ce, zamanin fetur a waɗannan motoci ya wuce tunda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan iskar gas ta CNG a 2023. Mayarwar tana da amfani ga wanda ke kusa da wurin cika gas, amma ba ta kawar da komai daga abin da aka faɗa. Gas ya fi fetur wuyar kunnuwa, yana buƙatar tartsatsi mai ƙarfi, yana kuma matsa wa bawul fiye da fetur. Injin da ke da raunin kwayil, ko tsagaggen murfin distiribita, ko manifol mai shan iska, in aka ɗora masa tukunyar gas zai riƙa harbi ta baki har ya fasa iyakilina. Duk mai akori-kurar da ke shirin kai ta wurin mayarwa, ya fara neman a auna masa matsin silindu huɗun a rubuta masa lambobin a takarda, a saita bawul, a sabunta kwantak da wayoyi, kafin ya biya kuɗin tukunya.